Ƙullin da Na Hana Ammu Murad

Na sauka Alƙahira da akwatin ƙarfe guda, babbar riga guda, da wani ɗan ƙulli cikin tsumman saƙi wanda bai cika tafin hannu ba. Ƙasa ce a ciki, daga gonar mahaifina a Aduwar Bako ta ƙasar Damargu, can arewa da Damagaram. Mutanenmu suna da al'ada, mai tafiya nesa yakan ɗebi ƙasar gida ya barbaɗa kaɗan a ruwan farko da zai sha a baƙon wuri, don kada ruwan ya ƙi cikinsa. Kowa yakan yi haka ya karkaɗe hannu ya manta. Ni Baba bai bar ni haka ba. Da ya ɗebo ta a gindin gawon da ke tsakiyar gona, sai ya ce in sha kaɗan, sauran in dawo da ita da hannuna in mayar daidai inda ya ɗebo. Sau uku ya sa na ce na yi alkawari. Na san dabarar tsoho ce, ba ƙasar yake so ta dawo ba, ni yake so. Amma alkawarin dai na ɗauka, kuma na ɗauke shi da nauyinsa.

Zangona na farko Darrasa ne, tsohuwar unguwar da ke jikin babban masallaci da jami'ar da na zo dominta. Wani dillalin gidaje ya tare ni tun ban gama sauke akwati ba, ya rantse da kan 'ya'yansa cewa yana da ɗaki mai iska wanda ya dace da ɗalibi mai mutunci irina. Iska kam akwai ta, don a kan rufin bene yake, kuma rabin ƙofarsa babu. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ya riga ya ba wa mutum huɗu wannan ɗakin, ga kuma tantabarun mai gida da suka riga mu duka. A nan na haɗu da Hamisu ɗan Maraɗi, wanda ya matsa mini wuri a tabarmarsa ba tare da ya tambayi ko ni ɗan wane ne ba. Washegari na barbaɗa ƙasar Baba a kofin ruwan famfo na shanye, Hamisu yana dariya yana cewa ruwan Masar ya fi ƙarfin wannan magani. Gaskiyarsa, sati biyu na yi ina zarya.

Karatun da ya kawo ni ban taɓa shigarsa da ƙafar dama ba. Takardar shaidar da na zo da ita daga gida an ce hatimi ɗaya ya rage mata. Na je ofishin da aka ce, aka ce wancan ne. Na je wancan, aka ce mai hatimin ya tafi salla. Kalma biyu na fara ƙwarewa a kansu a Larabcin Masar, bukra da ma'alish, wato gobe da yi haƙuri. Na aika takardar gida, ta yi wata bakwai ta dawo da hatimi, sai aka ce ai yanzu an canza tsari, hatimi biyu ake so. Tun da sunana bai shiga rajista ba, ba ni da tallafin ɗalibai, ba ni da takardar zama. Nakan dai shiga masallaci in raɓa a bayan da'irar malamai in saurara, kamar mai leƙen bikin da ba a gayyace shi ba. Shekara biyu na yi a haka, ina cin wake da gurasa a kwanon Hamisu, ina aika wa Baba saƙo cewa karatu yana tafiya daidai.

Wata rana Hamisu ya ba ni wani littafinsa na fiƙihu da ya yage, ya ce in kai wa wani tsoho mai ɗaure littattafai a unguwar Abbasiya. Shagon yana ƙarƙashin wani tsohon bene, a lungun da mota ba ta shiga. Tsohon sunansa Murad, kowa a layin Ammu Murad yake ce masa, wato Baffa Murad. Gajere ne, mai ƙaton tabarau, hannunsa yana rawa. Na tsaya ina kallon yadda yake fama da zare da allura har na kasa haƙuri. Mu a gidanmu da rani dukanci muke yi, tun ina ƙarami na san fata da basilla. Na karɓa na zura masa, na kuma ɗinke masa layi ɗaya don ya gani. Ya ɗaga ɗinkin kusa da hancinsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi sunana. Da na ce Ilyasu, sai ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce a wurin mutanensa mai wannan suna shi ne annabin da zai zo da bisharar komawa gida, ga shi yau ya zo masa da silifa ɗaya a tsinke.

Ban gane me yake nufi da mutanensa ba sai da sati ya zagayo. Ya ba ni aiki da ɗan ɗakin da ke bayan shago. Ranar Juma'a kafin rana ta faɗi ya rufe, ya hau sama, ya ce sai Lahadi. Mai shayin bakin lungu ne ya gaya mini, da murya ƙasa-ƙasa, cewa maigidan nawa Bayahude ne, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka rage a unguwar da a da suke cike da ita. Ba zan ɓoye ba, na tsorata. Ban taɓa ganin Bayahude da idona ba, sai a bakin masu wa'azi, kuma yadda suka siffanta shi bai yi kama da tsohon da ya ba ni rabin cukunsa da safe ba. Na yi tunanin in ɗauki akwatina in koma Darrasa. Sai na tuna rabin ƙofar nan da tantabaru, na zauna.

Da sanyi ya shigo na koyi aikina na biyu. Ranar Asabar addininsa ya hana shi kunna wuta, ya kuma hana shi ya ce wani ya kunna masa. Na hau sama in gaishe shi, na tarar da shi a naɗe cikin bargo, yana kallon risho. Ya ce yau Allah ya yi sanyi. Na ce ƙwarai. Ya ce tsofaffi sukan ji shi har cikin ƙashi. Ya sake duban risho. To ni Bahaushe ne, a gidanmu ko tuwo kake so a ƙara maka ba ka buɗe baki ka ce a ƙara, sai dai ka yaba miya. Na ce ni dai Ammu shayi nake sha'awa, in ba damuwa zan dafa wa kaina a nan. Na kunna risho, na dafa, na sha nawa, na kuma manta ban kashe ba. Shekara bakwai muna wannan wasa kowace Asabar, bai taɓa roƙona ba, ban taɓa nuna na gane ba.

'Yan'uwana ɗalibai ba su ɗauki abin da sauƙi ba. Wasu suka sa mini suna Ɗan Asabar. Wani ɗan Tawa mai zafin karatu ya daina ba ni hannu. Hamisu kaɗai yakan zo, shi ma sai ya tsaya a bakin ƙofa yana tsokanata cewa in lura kada wata rana in farka in ga hancina ya ƙara tsawo. Amma littattafansu duka ta hannuna suke bi su zo shagon, don babu mai ɗauri irin na Ammu Murad a duk wannan yanki.

Muna aiki yana magana, haka yake. Matarsa ta rasu tun kafin in zo. 'Ya'yansa biyu sun fita a shekarun da Yahudawa suka yi ta barin Masar, ɗaya yana Faransa, ɗaya ya haye can ƙasar da suke kira ta alkawari, wasiƙa ma ta daina zuwa. Abin da ya fi so ya ba ni labari shi ne wahayin annabawansu. Ya ce akwai wanda aka kai shi wani kwari cike da ƙasusuwa busassu, aka tambaye shi ko waɗannan za su rayu, ya ce Allah ne masani. Sai ƙashi ya fara neman ɗan'uwansa, nama ya rufe, numfashi ya shiga, aka ce masa haka za a buɗe kaburburan mutanensa a duk inda suka warwatsu a mayar da su ƙasar da aka yi wa kakansu alkawari. Akwai wanda ya ga kufai ya koma gari, tsofaffi suna zaune a bakin hanya da sandunansu, yara suna wasa a gabansu. Akwai wanda ya ga mai huɗa ya cim ma mai girbi don yawan albarka. Idan ya zo nan nakan ajiye basilla, don ni gonarmu nake gani. Na bar gida bayan farin da ya cinye mana shanu, kuma duk saƙon da ya zo mini daga can na ƙarancin ruwa ne.

Ba na barinsa haka kawai, ni ma ai na ɗan tsinci karatu a bayan da'ira. Na ce masa malamanmu sun ce alkawarin da sharaɗi aka yi shi, kuma mutanensa sun saɓa. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce malamanmu sun yi gaskiya, annabawansu ma abin da suka yi ta faɗa ke nan, ba don haka ba me zai zaunar da shi a Abbasiya da ciwon gwiwa. Na tambaye shi me ya hana shi bin ɗansa, tun da Masar ta yi sulhu da ƙasar kuma hanya ta buɗe. Ya ce an ce za a tattara su ne, ba a ce su tattara kansu ba. Na kuma tambaye shi Larabawan da aka tasa daga gidajensu a can, su fa. Ya daɗe yana shafa manne a bayan wani littafi, sannan ya ce a duk abin da annabawan suka gani shi bai ga inda wata tsohuwa take kuka a bakin ƙofarta ba, don haka abin da ake yi yanzu ba shi ne abin da aka nuna musu ba.

A shekara ta bakwai ƙafafunsa suka kumbura, ya daina saukowa shago. A nan ya gaya mini abin da ke cin ransa. A al'adarsu, wanda ya mutu nesa da ƙasar alkawari akan barbaɗa masa ɗan turɓayarta a kan idanu kafin a rufe shi, don ranar da za a kira ƙasusuwa nasa su san hanya. Mahaifinsa ya bar musu ɗan ƙunshi, amma an ƙarar da shi a kan matarsa. Ya rubuta wa ɗansa na can sau uku, shiru. Bai ce in nemo masa ba. Ya dai ce mutumin da za a rufe shi babu wannan abin tausayi ne, sannan ya dubi taga. Na gane irin maganar, ta risho ce.

Ni ba ni da takardar zama, ko garin Suwais na nan cikin Masar ba zan iya zuwa ba balle in ƙetare iyaka. Na yi ta cigiya a ɓoye har aka haɗa ni da wani Alhaji Tanko, Bahaushen Sudan, wanda aka ce yana bin manyan motoci har garin Arish na kusa da iyaka, yana da mutane a ƙetare. Yana zaune a Arba wa Nus, wadda a lokacin 'yan ɗakunan bulo ne a warwatse cikin rairayi a gabashin birni. Mutum ne mai fara'a da carbi mai tsawo. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne a wurinsa, amma hanya akwai haɗari, sojoji suna bincike har cikin takalmi. Ba ni da abin ba shi, sai idonsa ya tsaya a kan babbar rigata, wadda na sa don in yi kwarjini. Ita ce rigar da Baba ya sayar da raƙumarsa ta ƙarshe ya ɗinka mini, don in sa ranar da za a ba ni shahadar kammala karatu. Na tuɓe ta a tsakar gidansa na koma Abbasiya da 'yar shara.

Bayan wata ɗaya ya kawo mini wani ɗan buhu fari mai kyan ɗinki, ya ce daga gindin zaitun aka ɗebo ta, a kan dutsen da ke kallon Baitil Muƙaddas. Na kai wa Ammu Murad da gudu. Ya kwance, ya duba, ya ɗan taɓa da yatsa ya kai bakinsa. Ya yi mini godiya sosai, ya sa mini albarka da harshensu, ya tura buhun ƙarƙashin matashi. Na sauko ina jin tun da na zo Masar yau ne na yi abu ɗaya da ya kammala.

Sati biyu bayan haka na koma Arba wa Nus in kai wa Alhaji Tanko goro don godiya. Ba ya nan. Matarsa, baiwar Allah, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ci gaba da aikinta a kan keken ɗinki. Irin buhunan nan take ɗinkawa, sun cika faifai. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce na Alhaji ne, yakan cika su da rairayi ya kai wa wasu Kiristoci ma'aikatan ofishin jakadanci, ita ba ta san me suke yi da shi ba, ta dai ga suna so. Ta nuna mini ramin da yake ɗiba a bayan makewayi, har da rariyar da yake tankaɗewa. Na ajiye mata goron na tashi. A cikin motar dawowa na yi kuka, wata mata ta miƙo mini lemo.

Kwana uku ina auna abin. In yi shiru, tsoho ya mutu da farin cikinsa, a rufe masa ido da rairayin bayan makewayin Alhaji Tanko. Ko in faɗa, in ƙwace masa abu ɗaya da ya rage masa. Ranar Asabar da hantsi na hau, na kunna risho, na zauna a bakin gado na faɗa masa komai.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ya Ilyasu, shekara saba'in da takwas ina haɗiyar ƙurar Masar. Kana zaton ba zan gane ɗanɗanonta ba?"

Na ce to me ya sa ya yi mini godiya.

Ya ce, "Na ga ka fita da riga ka dawo babu."

Ya jawo buhun ya ba ni, ya ce gobe in zuba wa kajin maƙwabta su yi birgima. Ruwa yana ta tafasa a kan risho. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara bakwai, ya roƙe ni abu kai tsaye. Ya san da ƙullin Baba, don na taɓa nuna masa na kuma ba shi labarinsa.

Ya ce, "Ka ba ni taka."

Na ce Ammu, wannan ai ta gonar gero ce a Damargu, babu annabin da ya taɓa taka ta.

Ya ce, "Na sani. Amma ƙasa ce da uba ya ba ɗansa ya ce masa ka dawo. Tamu ma haka ta fara. Allah zai gane."

Na sunkuyar da kai. Shekara tara ke nan rabona da gida. Ban samu shahada ba, rigar ta tafi, duk saƙon da na aika ƙarya ne. Abu ɗaya ya rage wanda ban ci amanar Baba a kansa ba, shi ne wannan ƙulli. Nakan ce wa kaina ko da hannu wofi na koma, zan durƙusa a gindin gawon nan in kwance shi a gabansa in ce ga ta, ko ƙwaya ban zubar ba. Na san zan iya raba ta biyu, tunanin ya zo mini a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Amma Baba cewa ya yi sauran, duka, kuma ni mutum ne mai taurin kai a inda bai kamata ba. Na ce masa ya gafarce ni, na yi wa mahaifina alkawari sau uku.

Bai nuna ɓacin rai ba. Ya gyaɗa kai ya ce na yi daidai, shi da ya ƙare rayuwarsa yana jiran a cika alkawari ba zai sa wani ya karya nasa ba. Ya ce in zuba shayin kafin ya huce.

Bai kai wata ba ya rasu, ranar wata Talata da la'asar, ina ƙasa ina ɗaure littafin wani. Waɗanda suka zo jana'iza ba su kai goma ba, yawancinsu tsofaffin mata ne, sai wani dattijo da ya yi karatun da murya mai rawa. Maƙabartarsu tana kudancin birni, katangarta ta zube, talakawa sun gina ɗakuna a ciki, an kwashe duwatsun kaburbura da yawa. Ni da mai shayin bakin lungu muka taimaka aka sauke shi. Kafin a rufe, wata tsohuwa ta juyo ta tambaye ni, ta ce marigayi ya taɓa gaya mata cewa Ilyasu yana nema masa turɓaya, an samu kuwa? Ƙullin yana cikin aljihuna. Ban san me ya sa na ɗauko shi ba, amma na ɗauko, kuma hannuna yana kansa. Na ce mata ba a samu ba. Ta ce ma'alish, ta juya, aka tura ƙasa.

Mai benen ya karɓe shagon kafin sati ya cika, na koma tabarmar Hamisu a Darrasa. Kwana goma sha biyu da jana'izar wani ɗan kasuwa na Damagaram ya aiko a kira ni. Ya ce yana gyara kayansa ne ya ga wani kaset da aka ba shi ya kawo mini tun zuwansa na baya, ya shige cikin buhun barkono, ya manta shaf. Ya yi ta ba ni haƙuri. A lokacin haka ake aiko da saƙo daga ƙauye, a yi magana a kaset a ba matafiyi. Na ari rikodar Hamisu muka zauna a kan rufi da rana tsaka.

Muryar ƙanena Mamman ce. Ya gaishe ni, ya gaida malamaina, ya gaida duk wanda ke tare da ni, ya ja gaisuwar har na san akwai abu. Sannan ya ce Baba ya rasu bayan ƙaramar salla. Ya ce damina biyu ba a girbe ko dami ɗaya ba, rijiya ta ƙafe, kowa ya tashi, su suna Damagaram a gidan wani ɗan'uwan Inna. Ya ce har ranar ƙarshe Baba yana cewa kada a sare gawon nan, Ilyasu zai zo ya neme shi. Na ƙirga watanni. Ranar da na zauna a bakin gadon Ammu Murad ina ce masa na yi wa mahaifina alkawari, mahaifin nawa ya fi wata biyar a kabari.

Hamisu ya kashe rikodar ya ce Allah ya ji ƙansa. Ni ban iya cewa amin ba sai can daga baya.

Na ƙara shekara biyu a Masar, ba don komai ba sai don ban san fuskar da zan koma da ita ba. Na yi dako a kasuwa, na yi wanke-wanke a gidan wani ma'aikacin jakadanci, har aka kama ni a wani samame babu takarda, aka tsare ni, aka sa ni a hanya. Sau ɗaya na yi niyyar komawa maƙabartar da ƙullin, na tarar an ɗora ɗaki a wajen da nake zaton kabarin yake, wata mata tana shanya a kai. Ban iya tantance wurin ba.

Da na iso Damagaram na matsa wa Mamman ya raka ni Aduwar Bako. Muka hau mota, muka sauka, muka yi tafiyar yini a ƙasa. Wani Buzu mai kiwon raƙuma ne ya nuna mana bakin rijiyar, rairayi ya cike ta saura ɗan zoben dutse. Daga rijiya zuwa gonarmu na san tafiyar tun ina yaro, amma da itatuwa na san ta, da gamba mai raba iyaka, da rumbunan mutane. Babu ko ɗaya. Gawon an sare shi har saiwa, masu neman itace ba su bar kututture ba. Mamman ya ce nan ne, ya ɗan matsa ya ce ko kuwa can. Muka yi ta zagaye har rana ta karkata. Ya gaji ya ce in zuba ko'ina mana, ai duk ƙasar Allah ce, Baba ma ba zai ƙi ba. Na kwance bakin ƙullin, na tsaya, na sake ɗaurewa. Cewa aka yi daidai inda aka ɗebo, kuma wannan wurin babu shi.

Yau ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa, ina ɗaure littattafai da ɗinkin da Ammu Murad ya gyara mini. Mutane suna ce mini Malam mai Masar, suna zaton na yi karatu, ni kuwa ba na gyara musu. Na sha jin masu wa'azi suna maganar Bani Isra'ila da ƙasarsu, waɗansu da zafi, waɗansu da ilimi, ba na sa baki. Ban san ko za a kira ƙasusuwan nan yadda ya ce ba, ban san ko kufai zai koma gari ba. Namu dai bai koma ba. Ƙullin yana nan cikin akwatin ƙarfen, tsumman ya fara cinyewa har na sake masa wani. 'Ya'yana ba su san mene ne ba, kuma ba su tambaya ba. Sama da shekara arba'in ke nan ina ɗauke da ƙasar nan, kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe baki ya roƙe ni ita. Ranar Asabar ce, na kunna masa risho, na hana shi.